FILIN MATA: Ta Iya Canji, Ta Kasa Lissafi

 Wannan mako na yi niyyar mu yi zancen ɗinkin rigunan makaranta ne, sai ga takarda ta zo mini daga wata ɗaliba ta ƙasar Kiyawa, wadda ta ke ajin ƙarshe na sakandare. Da na karanta ta sau biyu, sai na ture zancen ɗinki gefe, na ce allura ta jira.

Ga abin da ta ke cewa a taƙaice. Tana son karatun malanta, amma ba ta so ta tsaya a takardar NCE. So ta ke ta kai inda za ta zama malamar jami'a mai binciken yadda yara su ke koyo, da irin kayan da ya kamata a koya musu da su. Mahaifinta bai hana ba, bai kuma ce i ba. Gwaggonta ce ta ce, koya wa yara a, ba, ca, da, har wani digiri uku ya ke bukata? Wani cikin yayyenta kuma ya ce ai saikoloji karatun masu taɓin hankali ne. Ga shi kuwa mai nema ya fito, ana zancen sa rana bayan jarrabawa.

Ƙanwata, kin tambayi wadda ita ma a bakin hanya ta ke. Ni ba farfesa ba ce. Takardar NCE ce kaɗai gare ni daga Kwalejin Horon Malamai ta Gumel, ina kuwa koyarwa a firamare. Amma abin da na gani da wanda na karanta ba zan ɓoye miki ba. Ki kai wa Gwaggo jaridar nan, ki karanta mata cikin ladabi, don rabin maganar nan tata ce.

Bari in fara da labarin wata yarinya, gama ita ta fara nuna mini amfanin wannan ilmi, ba littafi ba. Sa'ad da mu ke shekarar ƙarshe a kwaleji, aka rarraba mu makarantu don koyon aiki. Ni aka kai ni wata firamare a wani ƙauye kusa da Dutse, aka ba ni aji huɗu. Ran da na fara shiga aka nuna mini wata yarinya can baya jikin bango, aka ce kada in wahal da kaina, wannan daƙiƙiya ce, ba ta cin kome a lissafi. Na ba da aiki, na karɓi littattafai, na duba nata. Ai kuwa haka ne, jan biro ya cika shafi.

Ana nan, wata ranar kasuwa na je Shuwarin sayayya, sai ga ta da farantin gyaɗa a ka. Ta so ta ɓuya, na kira ta. Na ce ta ba ni ƙulli 7, ko wane Naira 50, na miƙa mata Naira 500. Ban gama rufe jaka ba sai ta ce, "Malama, kuɗinki 350, ga canjinki 150." Ba ta ƙirga yatsa ba, ba ta dubi sama ba.

Washegari na rubuta mata a allo, 500 a ɗebe 350, na jera su ɗaya bisa ɗaya yadda a ke yi. Ta rubuta 250. Na ba ta 400 a ɗebe 170, ta rubuta 370. Na ba ta 62 a ɗebe 38, ta rubuta 36.

Ku dubi waɗannan amsoshi da kyau, 'yan'uwa, ku ɗauki fensir in ta kama. Yarinyar nan ba canka ta ke yi ba, doka ta ke bi. An taɓa gaya mata ba a ɗebe babba daga ƙarami. To, sai ta riƙe maganar gam. Ko wane layi ta zo, sai ta nemi ƙaramin ta cire daga babban, ko shi ne a sama, ko shi ne a ƙasa. Zancen aro daga maƙwabci ya wuce ta, wataƙila ran da aka koyar tana wajen talla. Na tambaye ta yadda ta yi a kasuwa, ta ce, "Daga 350 in na ɗora 50 ya zama 400, in ɗora 100 ya cika." Watau a kasuwa hawa ta ke yi har ta kai kuɗin da aka ba ta, hanyar kuwa daidai ce, babu malamin da zai kushe ta. Kuskure guda ɗaya tak ya sa aka shekara biyu ana kiranta daƙiƙiya, har ita ma ta yarda.

Da na koma kwaleji na ba wata malamarmu labari, sai ta ce ba ni na fara gani ba. Shi wannan kuskure na cire ƙarami daga babba, masana sun rubuta shi a Amurka tun 1978. A garin Recife na ƙasar Barazil kuwa, waɗansu masana uku, biyu daga cikinsu mata, sun yi kamar masu sayayya, suka bi yara 'yan talla suna tambayarsu kuɗin kaya da canji. Yaran ba su cika yin kuskure ba. Da aka ba su irin lissafin nan a takarda, sai suka yi ta faɗuwa. An buga wannan bincike a 1985. Kai, na ji daɗi, na kuma ji haushi! Ashe shekaru da yawa da sanin ciwon da maganinsa, amma bai iso ajinmu ba.

To, ƙanwata, wannan shi ne ilmin da ki ke tambaya. A kwaleji saikoloji mu ke ce masa. Da za a ba ni dama in raɗa masa suna, sai in ce ilmin sanin yadda a ke koyo. Ba duba ba ne, ba karanta zuciyar mutum ba ne, ba kuwa aikin asibitin masu taɓin hankali ba ne, wannan reshe ne dabam. Shi abin da ya ke bi shi ne, me ya sa yaro ya ke mantuwa? A wace shekara ya ke iya gane abu kaza? Me tsoron bulala ya ke yi wa ƙwaƙwalwa? Yaya za a shirya jarrabawa ta auna ilmin yaro, ba haddarsa ba? Yaya za a gane yarinyar da ba ta ganin allo sosai, ko ba ta ji sosai, tun ba a laƙaba mata suna ba?

Ku iyaye mata, kada ku ɗauka wannan abu ne na can nesa. Ɗaya daga cikin manyan wannan fanni, wani mutumin Suwizalan mai suna Jean Piaget, wanda ya rasu a 1980, a kan 'ya'yansa uku ya yi wani babban sashe na bincikensa, shi da matarsa suna lura suna rubutawa. Abin da ku ke gani kullum a tsakar gida ke nan, sai dai su sun sa a takarda. Ga wani gwaji irin nasa da ko wacce za ta iya yi. Ki ɗauko dunƙulen fura biyu masu girma ɗaya, ki tambayi ɗanki mai shekara huɗu ko biyar, ya yarda daidai su ke. A gaban idonsa ki murza ɗaya ya yi tsawo, ki ce wanne ya fi yawa? Galibi zai nuna dogon. Ki yi wa yayansa mai shekara takwas, zai yi miki dariya ya ce ai ba ki ƙara kome ba. Ƙaramin ba ƙarya ya ke yi ba, ba kuma wauta ba ce. Idonsa ne har yanzu ya ke rinjayar hankalinsa. Shi ya sa ya ke kuka in an zuba masa kunu a kwano mai faɗi, aka zuba wa ɗan'uwansa a dogon kofi. Duka ba zai gaggauta wannan ganewa ba, kamar yadda jan kara ba ya sa gero ya yi saurin fid da kai.

Ku kuma 'yan makaranta, ga naku. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya yi ta haddace kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda su ke zube masa. A 1885 ya buga abin da ya samu. Mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da yinin farko, daga nan sai ta rage sauri. Maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki kuwa ta fi zama a kai bisa ga wadda aka tara wuri ɗaya. Malaman allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa barin tilawa. Saboda haka wadda ta ke ajiye littafi sai daren jarrabawa ta kwana da fitila, ta sani ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka koya miki yau, ki duba shi yau da dare, ki rufe littafin ki gwada faɗa da ka, ki sake bayan kwana uku.

Sai ɗaya ɓangaren da kika tambaya, watau fasahar kayan koyarwa. Mutane da sun ji haka sai hankalinsu ya tafi kan kwamfuta. Na taɓa shiga wata makaranta aka buɗe mini wani ɗaki don in gani. Kwamfutoci ne jere, an lulluɓe su da zane, ƙura ta yi musu rawani. Babu wuta, babu wanda aka koya wa yadda zai koyar da su, mabuɗin kuwa yana aljihun mutum ɗaya. Wannan ajiya ce, ba fasaha ba.

Fasahar ita ce sanin wane abu ne zai kai wane darasi cikin kan wane yaro. Allon katako da tawada fasaha ne, yaro ya rubuta da hannunsa, ya riƙe, ya wanke, ya sake. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta ga matan ƙauye ba za su iya zuwa zaure su zauna ba, sai ta sa darussa cikin waƙa, ta naɗa jajis su kai musu har gida. Kakanninmu sun ga majigi yana zagaya garuruwa yana nuna tsabta da noma. A 1953 wani masani Ba'amurke, B. F. Skinner, ya ziyarci ajin 'yarsa ana darasin lissafi. Ya lura masu sauri sun gama suna zaune, marasa sauri suna fama, kuma ba wanda zai san ko ya yi daidai sai an duba littattafai daga baya. Sai ya ƙera wata na'ura mai ba yaro tambaya ƙarama ƙarama, tana nuna masa nan take ko ya ci. Na'urar ta wuce, amma dabarar tana nan cikin darussan da a ke sa wa a waya yau. Mun kuma ga 2020, sa'ad da annoba ta rufe makarantu, jihohi da yawa suka koma darasi ta rediyo. A 2022 Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka buɗe wani dandalin karatu ta intanet. Duk da kyau. Amma wa zai rubuta darasin da Hausar da yaro zai gane? Wa zai bi gida gida ya auna ko yaran sun koyi wani abu, ko kuwa rediyon na hannun Baba ne a gona? Aikin masu wannan fanni ke nan.

Ita yarinyata, da karan dawa na yi mata magani. Muka yanka kara gajeru, muka ɗaure goma goma da zare. Na ce ga ɗauri 6 da sili 2, ba ni 38. Ta dubi silin nan biyu, ta dube ni, sai ta kwance ɗauri ɗaya da kanta. Na ce, "To, wannan kwancewa da kika yi, ita ce aro." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malama, dama canji ne?"

Yanzu ga amsar Gwaggo. Gwaggo, gaskiyarki, koya wa yaro ɗaya a, ba, ca, da ba ya bukatar digiri uku. Amma malamar da ta ke koya masa, wani ne ya horar da ita, littafin da ke hannunta wani ne ya tsara, jarrabawar da za ta yanke masa hukunci wani ne ya shirya. In waɗannan ba su san yaranmu ba, kuskurensu zai shiga aji dubu. Yawancin littattafan da muka karanta a kwaleji, a kan yaran Turai da Amurka aka yi binciken da ke cikinsu. A Ife, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara wani gwaji a 1970, aka koya wa yara dukan darussan firamare da Yarabanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza 'yan'uwansu ba, har sun fi su a darussa da dama. To, wa zai zauna ya yi mana irin wannan aiki a kan 'ya'yan Jahun da Birnin Kudu? Ga ɗan Fulani ya zo makaranta da Fillanci a baki, a yi masa bayani da Hausa, a yi masa jarrabawa da Turanci. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Kuma namiji mai bincike iyakarsa zaure. Mace ce za ta shiga har ɗaka, ta zauna a tabarma da uwar yarinya, ta ji dalilin da ya sa ba ta zuwa makaranta ranar kasuwa.

Hanyar kuwa ba zan rage miki tsawonta ba. In kin bi ta kwaleji, NCE shekara 3 ce. Daga nan ki shiga jami'a daga aji biyu, galibi shekara 3 ki sami digiri na farko a fannin ilmi. In kin shiga jami'a kai tsaye daga sakandare, shekara 4 ce. Sai bautar ƙasa shekara 1, matar aure kuwa tana iya neman a bar ta a jihar da mijinta ya ke. Digiri na biyu kamar shekara 2, a nan ne za ki ware ki kama fanninki. Na uku ba ya kasa shekara 3. Ki haɗa da kanki, shekara 10 zuwa 12 ke nan in kome ya tafi daidai, ba kuwa kullum ya ke tafiya daidai ba. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki wata takwas.

Abin da ya fi na iyayenmu sauƙi shi ne kusa. Da aka yi Jihar Jigawa a 1991 babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Jami'ar Tarayya ta Dutse an kafa ta a 2011, ta jiha kuma a Kafin Hausa a 2013, wadda a ke kira Jami'ar Sule Lamido. Don digiri na biyu da na uku ga Jami'ar Bayero a Kano, ga ta Ahmadu Bello a Zariya, inda a ke da sashen saikoloji na ilmi, da kuma ɓangaren fasahar koyarwa. Wadda aka ɗauka aiki a kwaleji ko jami'ar gwamnati tana iya neman asusun TETFund ya ɗauki nauyin ƙarin karatunta. Ki kula da Turanci, ki kula da lissafi. Na san waɗansu sun gudo fannin ilmi don tsoron lissafi, suka tarad da shi yana jiransu a ƙofar bincike, gama ba a auna koyon yara sai da ƙididdiga.

In kin shiga aikin, tsani ne mai matakai. Daga mataimakiyar malama, zuwa malama mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babbar malama, mataimakiyar farfesa, kana farfesa. Ba da daɗewa kaɗai a ke hawa ba, sai kin yi bincike kin buga, masana sun duba. Albashin ba na yin arziki ba ne, kada wani ya ruɗe ki.

An taɓa yi kuwa, a nan ƙasarmu. Farfesa Ruqayyatu Ahmed Rufa'i 'yar Ringim ce. Ta sami digirinta na farko a Jami'ar Bayero a 1981, na uku a Jami'ar West Virginia ta Amurka a 1991, ta zama farfesa a 2003 a fannin tsara manhajar karatu, maƙwabcin fannin da ki ke so. Ta riƙe kwamishinar ilmi a Jigawa, ta yi ministar ilmi ta Nijeriya daga 2010 zuwa 2013. Mutane ministar su ke tunawa. Ni kuwa shekara 22 ɗin nan da ke tsakanin digirin farko da farfesa na ke so ki duba. A Dutse ma, mace ce ta shugabanci Jami'ar Tarayya daga 2016 zuwa 2021, Farfesa Fatima Batul Mukhtar, ko da ya ke ita ilmin tsirrai ta karanta. Mu mutanen Dutse mun san dabino, wanda ya binne ƙwallo bana ba ya kai kwando gindinsa baɗi.

Zancen aure kuwa, ba zan ce ki ƙi ba, ba kuma zan ce ki jira shekara 12 ba. A ajinmu na kwaleji akwai masu goyo, waɗansunsu sun fi mu ci. Amma na ga waɗanda aka yi wa alkawari a bakin ƙofa da daddare, "ai ba kome, za ki ci gaba," bayan biki maganar ta bi iska. Alkawarin zance ba shi da shaida. Ki gaya wa mahaifiyarki, ta gaya wa mahaifinki, a faɗa a gaban waliyyai tun ba a sa rana ba, a kuma faɗi abin da a ke nufi. Wane gari, shekara nawa, wa zai biya, wa zai riƙe yaro ranar jarrabawa. In mai neman ya ji wannan ya ja da baya, gara ki sani yanzu. Ki kuma nemi uwar mijin da girmamawa tun da wuri, don sau da yawa a hannunta abin ya ke.

Na san za ku tambayi ƙarshen yarinyar. Kafin in bar makarantar ta dawo layin gaba, tana ɗaga hannu. Zangon koyon aikina ya ƙare, na koma Gumel. Bara na gan ta a Shuwarin, ta girma, tana sayad da awara. Ta gama firamare, ba ta wuce ba. Ta ƙi karɓar kuɗina, na ƙi karɓar awararta kyauta, muka yi ta ja har mutane suna kallo. Da na dawo gida na ɗauko takarduna na NCE daga ƙarƙashin akwati. Bana na cika takardar neman shiga jami'a, ina jiran sakamako, ku sa ni a addu'a.

Waɗanda suka yi gwajin fura, ku rubuto mini ta hannun Edita. Ku faɗi shekarun yaron, namiji ne ko mace, da ainihin abin da ya ce, kada ku gyara masa magana. In takardu sun taru zan jera su a wannan fili mu duba tare. Ke kuma ƙanwata ta Kiyawa, ki sanad da ni abin da Gwaggo ta ce.

Zancen rigunan makaranta sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.